Mai Amsa wa Daw Mya

Kuskuren nawa ne, gara in faɗa da bakina kafin Baban Kulu ya riga ni, don shi ba ya gajiya da ba da labarin nan a gaban baƙi.

A shekarun da gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu, muna zaune a unguwar Whalley Range ta birnin Manchester, cikin wani tsohon gidan masu hali da aka yanyanka gida huɗu. Muna sama, ni da mijina Gidaɗo, wanda likita ne, da 'yarmu Kulu. A ƙasanmu akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar Bama, Daw Mya Yin. Daw ɗin ba suna ba ne, girmamawa ce, kamar yadda za mu ce Iya ko Gwaggo. Shekara talatin da ɗoriya ta yi tana unguwarzoma a Manchester, ta karɓi haihuwar rabin unguwa, ita kuwa Allah bai ba ta ko ɗaya ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa.

Faɗa ne ya fara kai ni ƙofarta. Wani wari ne yake tasowa daga kicin ɗinta, na niƙaƙƙen kifin da suke ajiyewa ya ruɓe, har cikin labulayena. Na sauka a fusace na ƙwanƙwasa. Ta buɗe, 'yar ƙarama da ita, kanta ko kafaɗata bai kai ba, ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce ta ji daɗi da na zo, don ita ma ta daɗe tana son tambayar abin da nake dafawa ran Juma'a mai warin tsohon takalmi. Daddawata take nufi. Na koma sama da kwanon miyar kifi a hannu, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Tun daga nan na zama 'yar gida. Kafin in san ta, abin da na sani game da Bama bai wuce yaƙin da kakanninmu suka je ba. A falonta akwai wata tsohuwar kalanda da shekararta ta wuce tuntuni, amma ta ƙi cirewa saboda hoton da ke jiki: wata hasumiya ta zinariya a kan tudu, mai faɗin gindi da tsinin kai, tana ƙyalli har ido ba ya son tsayawa a kanta. Shwedagon ke nan, a birnin Yangon. Ta ce a ƙarƙashinta, a imaninsu, akwai silin gashi takwas na Buddha, kuma duk inda ka tsaya a garin in ka ɗaga kai za ka gan ta. Ita da ƙanwarta Pyone duk ranar Alhamis aka haife su. Na ce to a garinmu Lami sunanku. Ta ce su ma ranar haihuwa ke zaɓa wa mutum suna, kuma tana zaɓa masa ranar shara. Kowace Alhamis da yamma sai su hau matakala ba takalmi, su shiga sahun 'yan Alhamis, mutum ashirin ko talatin kafaɗa da kafaɗa, kowa da tsintsiya biyu, su share farfajiyar suna tafiya tare kamar mutum ɗaya. Alƙali yana gefen mai tallan gyaɗa, babu mai tambayar wani sana'arsa.

Labarin 'yan kunne ne ya fi tsaya mini a rai. Mahaifiyarsu ta bar musu 'yan kunnen gwal masu jan dutse, suka raba, ɗaya a wurinta a Manchester, ɗaya a wurin Pyone. Da aka tashi sabunta lemar da ke ƙololuwar hasumiyar, mutane suka yi ta kawo zobba da sarƙoƙi a rataya can sama. Daw Mya ta ba wani matafiyi nata ɗan kunnen, Pyone ta haɗa da nata ta kai.

Ni 'yar Ɗambatta ce, gwal a wurinmu ajiya ce ta ranar da ciwo zai zo. Na ce, "Daw, can sama wa yake ganinsu?"

Ta ce, "Babu kowa. Tsuntsaye wataƙila."

"To amfanin me?"

"Shi ne amfanin," in ji ta. "Su dai sun sake haɗuwa. Mu ne ba mu haɗu ba."

Malaminmu na islamiyya ya sha gaya mana darajar sadakar da ba wanda ya gani, amma ban taɓa zama gaban wanda ya yi ta da gwal ɗin uwarsa ba.

A farkon shekarar da nake ba da labari aka bugo waya daga Yangon cewa Pyone ta rasu. Daw Mya ba ta iya tafiya ba, domin kanta ya riga ya fara yi mata gardama. Da safe garau take, ta fi ni tuna ranar fitar da shara. Amma da rana ta karkata sai abubuwa su cakuɗe mata, ta saka silifas ta fita titi neman matar da ke naƙuda. Wasiƙu kuwa cikin tanda take ɓoye su. Da can akwai wani likita ɗan ƙasarsu da ke ɗaukarta duk shekara zuwa wurin ibadarsu na Birmingham, sai ya tattara iyalinsa ya koma Ostareliya. Cibiyar tsofaffin da take zuwa wuni ma an rufe ta.

Rhoda ce ta kawo mini labarin. 'Yar Kafanchan ce, ita ke zuwa kula da tsohuwar. Ta tare ni a matakala, tana haki, jaka a kafaɗa.

"Hajiya, council sun sake yanke hours ɗin. Fifteen minutes da safe, fifteen da yamma. Ko tea ba na iya tsayawa ta shanye. Social worker ta ce ba safe ba ne ta zauna ita kaɗai, Friday ta sama za a kai ta care home."

Washegari da safe Daw Mya ta aiko Kulu ta kira ni. Na same ta a zaune ta yi wanka, ta shafa wani farin garin ice na kwalliyar matan ƙasarsu a kumatu. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ta san gidan kula da tsofaffi za a kai ta, ta kuma san abin da ke faruwa da kanta, ita ma'aikaciyar asibiti ce, ba sai an ɓoye mata ba. Abu ɗaya ya rage mata: ba ta aika wa Pyone rabonta ba.

Ta yi mini bayani a hankali. A wurinsu in mutum ya yi aikin alheri, ba ya ƙanƙame ladan shi kaɗai. Zai ɗiga ruwa daga kofi zuwa kwano, ɗigo-ɗigo, yana ambaton waɗanda yake so su samu, rayayyu da matattu. Sannan ya buga ƙararrawa sau uku ya ɗaga murya ya ce amya, amya, amya, wato ga rabonku, ku ɗiba. Duk wanda ya ji sai ya amsa thadu sau uku, wato abu ya yi kyau.

"In ba a amsa ba fa?" na tambaya.

"Kin taɓa yin sallama a gida, kika ji shiru?" in ji ta. "Haka ne. Shi ya sa nake son ranar cikar wannan watan. Ita ce babbar ranarmu. Wurin zai cika, ɗaruruwan mutane za su amsa, Pyone ko kurma ce sai ta ji. Ki kai ni Birmingham, Maman Kulu. Baɗi ba zan san ko wace ce Pyone ba."

Na ce zan kai ta. Da yamma na gaya wa Gidaɗo yana cire takalmin aiki.

Ya ce, "To, Allah ya ba da lada. Amma ke me za ki yi a can?"

"Direba ce ni. A mota zan zauna, ba ruwana da abin da ke ciki."

"Fine. Ki dai yi ringing ɗinsu ki yi confirming date ɗin, Maman Kulu."

A nan Shaiɗan ya hau kaina. Mahaifina shekara ashirin yana cikin masu duban wata a Ɗambatta, tun ina 'yar mitsitsiya nake riƙe masa buta a kan tudu. Na ce, "Ni za ka ce in tambayi wani ranar cikar wata? Yau tara ga Rajab. Sha huɗu ranar Laraba ke nan. Watan nasu da namu ai ɗaya ne a sama, ba biyu ba." Ya ɗaga hannuwa ya ce shi ya yi shiru. Lissafina kuwa daidai yake, ko yau a kan bakana nake.

Ranar Laraba muka tashi da sassafe, don in dawo da ita kafin kanta ya juya. Ta saka zanen silikinta mai ruwan ganye da farar riga, ta soke farin fure a gashi. A cinyarta akwai damin furanni, da ƙaramin kofin azurfa da kwanonsa, da wata tsintsiyar ciyawa mai laushi da ta zo da ita daga Yangon tun kafin a haife ni. Muka hau babbar hanyar M6, manyan motoci na ta fesa mana ruwa. Tana ta hira, tana lissafa mini abincin da za a dafa, da tsofaffin da za ta gani. Har cewa ta yi in na ga taliyar kifinsu ba zan iya zaman mota ba.

Birmingham na san Balsall Heath, inda muke sayen nama da kayan miya, na san Selly Oak saboda ɗalibanmu. Wannan ɓangaren kusa da madatsar ruwa ban taɓa shiga ba. Layuka ne na jajayen gidajen bulo masu kama da juna, buhunan shara jibge a bakin ƙofofi, wani shago an toshe tagoginsa da katako. Ina ta mita a raina cewa na'urar nuna hanya ta ɓatar da mu, sai na sha kwana.

Ban san lokacin da na taka birki ba. A ƙarshen layin, bayan wata katanga, zinariya ce ta tashi sama. Ruwan ya ɗauke ke nan, rana ta ɓullo ta tsakanin gajimare ta faɗa a kanta, hasken ya zubo kan jiƙaƙƙen titi har kan gilashin motata. Ba ta kai ko kusa da ta kalanda ba, Daw Mya ta riga ta gaya mini wannan ƙaramar 'ya ce kawai. Amma ni da na shekara tara ina kallon toka-tokan sararin ƙasar nan, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Na ce, "Ikon Allah," a fili. Mutanen da suka bar ƙasarsu da akwati ɗaya, masu wankin dare a asibiti da masu tuƙin tasi, su suka tara abin da suka tara suka dasa wannan a tsakiyar bulo da hayaƙi.

Na juya in yi mata magana sai na fasa. Ta haɗa tafukanta a goshi, leɓɓanta na motsi, hawaye na bin farin garin kumatunta. Ban ce ibadarsu da tamu abu ɗaya ne ba, Allah ya kiyaye ni da faɗin haka. Amma fuskar na sani. Na gan ta a jikin mahaifiyata ranar da muka fito daga wani lungu a Makka ta ɗaga kai.

Sai daga baya na lura babu motoci. Tamu ce kaɗai a layin.

Ƙofar farfajiyar a buɗe take. Na ce ta jira, na fita na leƙa. Kujerun roba an jera su bisa juna a jikin bango. Furanni sun yi yaushi a cikin tuluna, 'yan tutocin takarda sun jiƙe sun manne a ƙasa. A jikin allon sanarwa ga takarda da manyan baƙaƙe: bikin cikar wata, ranar Lahadi. Lahadin da ta wuce, kwana uku ke nan. A ƙasar da kowa ke aiki ranar Laraba, wata ma sai ya jira ƙarshen mako, mu kanmu haka muke ɗage walimar suna, amma ban yi wannan tunanin ba. A ƙofar gidan malamansu kuma wata 'yar takarda ce da rubutun hannu: an gayyace su cin abinci a wani gari, sai ƙarfe huɗu za su dawo. Ƙarfe huɗu kuwa Daw Mya ba ta sanin sunanta.

Na daɗe ban ji kunya da baƙin ciki irin na lokacin ba. Kiran waya ɗaya, minti biyu, shi girman kaina ya hana ni. Na koma mota na durƙusa a gefen ƙofarta na gaya mata gaskiya, ban rage komai ba.

Ta dube ni, ta dubi farfajiyar. Ta ce, "Yau ne watan ya cika?"

"Yau ne, Daw. Wannan kam na rantse."

"To ba ki yi ƙarya ba." Ta miƙo mini hannu. "Ɗaga ni."

Na raka ta bakin ƙofa da niyyar in tsaya nan. Ta tuɓe takalmi, ta taka jiƙaƙƙen dutse, sai na ga ƙafarta ta goce. Kafin in yi shawara da kaina na yar da nawa takalman na riƙo gwiwar hannunta. Sanyin dutsen ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa. Haka na shiga, ni da na ce direba ce.

Wurin shiru, irin shirun da ke sa mutum ya rage ƙarar numfashinsa. Can sama, a jikin lemar ƙololuwa, wasu 'yan ƙananan ƙararrawa ne iska ke kaɗawa, sautinsu siriri kamar cokula a nesa. Na ɗaga kai ina neman su har wuyana ya gaji, ban gan su ba, sai ƙyalli. Na tuna 'yan kunnen nan biyu da ke rataye a wata ƙololuwar, a wancan gefen duniya, iska na kaɗa su ba mai gani.

Ta ajiye furanninta, ta durƙusa ta kai goshi ƙasa sau uku. Na kau da kai na dubi katanga ina salati a zuciyata, hannuna dai yana kusa da bayanta. Sannan ta miƙe ta kama shara. Tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya, ita kaɗai a sahun da ya kamata ya ɗauki mutum talatin, tana tura busassun furannin Lahadi taki ɗaya bayan ɗaya. Na lura ba ta bin tsakiya. Tana barin wuri a damanta, daidai faɗin mutum guda. Muka zagaya hasumiyar a haka, ta hannun dama, ni ina biye ina tattara abin da ta tara cikin leda. Shara dai shara ce a kowane addini.

Da muka gama ta zauna a kan dutsen, na zuba mata ruwan gorata a kofin azurfa. Ta fara ɗigawa cikin kwano tana karatu da harshensu. Ɗigon bai yanke ba. A cikin maganganun da ban gane ba na ji sunan Pyone sau uku.

Akwai wata babbar ƙararrawar tagulla a rataye a gefe, da guntun ice kamar taɓarya a ƙarƙashinta. Na ɗaga Daw Mya tsaye, ta ɗauki icen da hannu biyu. Na ja da baya har bakin ƙofa, wurin takalmanmu, don wannan ba nawa ba ne.

Ta buga. Ban zaci ƙarfe na iya yin irin wannan muryar ba. Sautin ya fito mai kauri, ya bi ta dutsen ya shigo tafin ƙafata, ya daɗe yana yawo a farfajiyar kafin ya kwanta. Tattabaru suka tashi daga rufin maƙwabta. Ta sake bugawa, ta kuma sakewa. Sannan ta juya ga kujerun da ke jere bisa juna, ta ɗaga 'yar muryarta.

"Amya. Amya. Amya."

Ta tsaya tana jira, kanta a ɗan karkace kamar mai sauraron taku a soro. Ƙararrawar ta gama mutuwa. Wata bas ta wuce a babban titi. Na ga kafaɗunta sun fara sauka a hankali, icen yana neman zamewa daga hannunta.

Kalmarsu tana bakina, na san ta, amma ba tawa ba ce, harshena ya ƙi ɗaukarta. Sai dai ta gaya mini ma'anarta, mu ma kuma muna da abin da muke cewa in mutum ya yi abin kirki a gabanmu. Kakata tana faɗa wa wanda ya ɗebo mata ruwa, tana faɗa wa wanda ya sauke Alƙur'ani. Kuma a gidanmu ba a barin mai sallama a tsaye, ko wane ne shi.

Na ce, "Madalla." Na sake ɗaga murya yadda zan kira Kulu daga ƙasan bene. "Madalla! Madalla!"

Katangar ta dawo mini da ita. Daw Mya ba ta juyo nan take ba. Ta ajiye icen a wurinsa, ta ɗauki kwanon ta juye ruwan a gindin wata 'yar bishiya, ta kakkaɓe shi. Sannan ta tako wurina tana murmushi.

"Pyone ma haka take," in ji ta. "Sai kin kira har kin fid da rai, sannan ta amsa daga ƙuryar ɗaki."

Tsintsiyar ta jingine ta a bayan ƙofa ta ce a bar wa masu zuwa. Na durƙusa na share mata ƙafafu da gefen mayafina na saka mata takalmi.

Baban Kulu in yana ba da labarin, a takardar Lahadi yake tsayawa, a yi ta dariya, a ce 'yar mai duban wata ta kai tsohuwa biki bayan an watse. Ina barinsa, don na ci dariyar. Abin da ya faru a hanyar dawowa ne ban cika faɗa ba.

Mun wuce Stafford, azahar ta gota, sai na ga ta fara murza kofin azurfar tana waige-waige. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa baƙo mai kirki, ta tambaye ni ko ni ce sabuwar ma'aikaciyar da aka turo ɗakin haihuwa. Na ce ni ce. Ta gyaɗa kai, ta jingina da kujera, ta lumshe ido har na zaci barci ya ɗauke ta.

Can ta ce, "Yau na je wurin ibada. An cika maƙil. Kin ji yadda suka amsa mini?"

Na riƙe sitiyari da kyau, don hanyar ta fara yi mini hazo-hazo.

Na ce, "Na ji, Daw. Har waje ana ji."